Gishirin da na zubar a kan takardar Rabi'atu

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin koyarwa ba, ko da na so in manta. Wata sakandare ce a wajen Ƙofar Jatau, maza da mata aji ɗaya. Ni kuwa lokacin ji nake duk Zariya ba wanda ya kai ni iya kama satar amsa. Ɗalibai har suna suka sa mini, wai Malam Ido (ni a wautata na ɗauka yabo ne).

Ranar ana jarrabawar lissafi, wadda sai an ci ta ake shiga ajin kimiyya. Rabi'atu, wata 'yar unguwar Kwarbai, ta fi kowa ƙoƙari, ba ta da zance sai na zama likita. Can na hango ta ta duƙa, tana gumi, hannun hagunta na cikin hijabi. Na ce a raina, yau dubu ta cika.

"Rabi'atu, me kike ɓoyewa?"

"Ba komai, Malam."

"Ba koman nake son gani. Fito da shi."

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Don Allah a kira mini Malama Binta."

Na ƙi. Na ɗauka dabara ce. Da ta ga ba sarki sai Allah, ta zaro wani ƙunshi ɗaure cikin tsohon ɗankwali. Da ɗuminsa ya zo hannuna, amma ko wannan bai sa na yi tunani ba. Na ɗaga shi sama kowa ya gani, na kwance. Gishiri ya zube a kan takardarta. Wallahi har yatsa na sa ina tonawa, wai neman ƙullin takarda nake. Maza suka fashe da dariya, 'yan mata duk suka sunkuyar da kai. Rabi'atu ta miƙe da ƙyar, ta fita riƙe da ciki, ba ta ƙarasa ko rabin jarrabawar ba.

A ofishin malamai Malama Binta ta dube ni ta ce, "Malam, kana da ƙanne mata?"

Na ce huɗu.

"To ka yi zaman banza a gidanku. Ciwon mara ne, na al'ada. Gishiri ake ɗumamawa a kasko, a ƙunshe, a ɗora a mara, a sha ruwan citta da kanumfari. Kakarta ce ta haɗa mata don kada ta rasa jarrabawar nan."

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Sai na tuna ƙannena kwance a tabarma duk wata, ni kuma ina wucewa ina cewa gudun wanke-wanke ne.

Na roƙi shugaban makaranta, aka yarda Rabi'atu ta sake rubuta jarrabawar. Ba ta zo ba. Na bi ta har gida, na tsaya a zaure ina murza hula a hannu. Kakar ce ta fito.

"Ta yafe maka, Malam," in ji ta. "Amma ajin da aka yi mata dariya ta ce ba za ta koma ba. Mun yi lallashin har mun gaji."

Ban san inda ta ƙarasa karatu ba, ban san ko ta ƙarasa ba, kuma abin yana cina har yau. Yanzu in ɗaliba ta ce a kira mata Malama, ba na tambayar dalili, da ƙafata nake zuwa kiran. Darasi dai ya shiga kaina, sai dai ni da na yi laifin ina nan a ajin, ita ce ta bar shi.