Ranar da na sa lauya ta kwashe mini tire

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yar maƙwabciyata Hajiya Balki ba, don a ranar ne bakina ya kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba. Shekarata ashirin da biyu a Jidda, ina da ɗan shagon atamfa da leshi a Bab Makka, kuma duk wadda ta san ni ta san ba na rasa ta cewa. Ban taɓa taka Turai ba, amma in ana hirar Turawa sai ki rantse can aka binne cibiyata. (Duk ilimin nawa daga bidiyon da ake turowa a waya ne, wani ma ba na kallonsa har ƙarshe.)

A makon ne Rakiya, 'yar yayana, ta zo umra daga Faransa, inda take aikin jinya a asibiti. Na ja ta zuwa walimar don in yi taƙama da ita. Ta ce mini da wata ƙawarta suka zo, ta tsaya sayen tsaraba a kasuwar Balad, za ta same mu a can. Na ce to, ban ko tambayi sunanta ba.

Bayan la'asar muna zaune a ɓangaren mata, an ajiye mana babban tire na shinkafa da naman rago, sai wata ta tambayi Rakiya yadda zaman can yake ga mai kallabi. Rakiya ta ce akwai daɗi akwai wuya. Ta ba da labarin yadda ta yi wata shida tana neman gidan haya. In ta kira a waya sai a ce akwai, in ta je aka ga baƙar fata da ɗankwali sai a ce yanzun nan aka kama.

Ni kuwa abin nema ya samu. Na tafa hannu na ce, "Kun ji ko? Su ne kullum suke wa duniya wa'azin 'yanci da daidaito, alhali zuciyarsu cike take da wariya."

Rakiya ta ce, "Gwaggo, ki bari in ƙarasa mana."

Ta ce wata lauya ce ta shiga maganar. Lauyar ta tura wata Baturiya ta nemi gidan da aka hana Rakiya, a ranar, aka ce mata ta zo ta karɓi makulli. Da wannan shaida aka je kotu, mai gidan ya sha hukunci. Ta ce wariya kam akwai ta, ba ta musu, amma akwai inda mutum zai kai kukansa a saurare shi. Su kansu Turawan kullum cikin gardama suke a kai. Wasu na cewa kowa ya ajiye alamar addininsa a gida don a zama ɗaya, wasu na cewa daidaito shi ne a bar kowa da kayansa a kuma ba shi haƙƙinsa. Ta ce wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarta ba ta son kallabi ko kaɗan, kuma ba ta ɓoyewa, amma ita ce ta raka ta kotu har sau biyu.

Wannan bai yi mini daɗi ba, don ya ɓata mini huɗuba. Na gyara zama na ce, "Mu nan ba ma buƙatar kotu kafin mu san darajar mutum. Ki dubi sahun salla a Harami, baƙi da fari, mai kuɗi da talaka, kafaɗa da kafaɗa. Wa ya koya mana? Mu a jininmu abin yake."

Hajiya Balki ta yi ɗan tari ta ce, "Ba ke ce shekaranjiya kike mitar tasi uku sun wuce ki sun ɗauki wata a gabanki ba?"

Na yi kamar ban ji ba. (Mai huɗuba ba ya amsa tambaya.) Rakiya ta tashi ta je wanke hannu, ni kuma na ci gaba da zuba, mata na gyaɗa kai, wasu don sun yarda, wasu don bakinsu da nama.

Ana cikin haka na hango wata mata a bakin ƙofa, gajeriya, da baƙar abaya marar ado, ba zinare ba awarwaro, riƙe da jakar leda, tana ta waige-waige. Da ganin fuskarta na san 'yar Bangaladash ce ko wajen can. Ban yi tunanin komai ba, kaina ya riga ya yanke cewa cikin masu aikin wurin take. Tiren gabanmu ya zama ƙasusuwa, yana kuma tare mini wurin miƙe ƙafa. Sai na kaɗa mata yatsu, na ɗaga murya da Larabcin da muke yi wa 'yan aiki.

"Ke, Bangali, zo nan. Ɗauke wannan. Yalla, da sauri."

Ta dube ni. Sannan ta ajiye jakarta a gefe, ta sunkuya ta ɗauki tiren da hannu biyu. Ni har da ƙara mata kofuna a kai. Na juya ga mata na ɗora daga inda na tsaya, kuma wallahi kalmar da ke bakina a lokacin ita ce mutunci.

A tsakiyar ɗaki ta yi kiciɓis da Rakiya. Na ga Rakiya ta tsaya cak, ta dubi tiren, ta dubi matar, ta dube ni.

"Metir Nasrin, me kike yi da wannan?" (Metir, haka suke kiran lauya a can.) Sannan ta juyo gare ni da murya ƙasa-ƙasa, wadda duk da haka kowa ya ji. "Gwaggo, ita ce ƙawar tawa. Ita ce lauyar da na gama ba ku labari."

Na miƙe da sauri zan karɓi tiren, gefen mayafina ya shiga cikin romo. Da na buɗe baki don in gyara, sai na ƙara ɓatawa.

"Ki ba ta haƙuri, Rakiya. Wallahi na ɗauka 'yar aiki ce."

Rakiya ta fassara mata da Faransanci. Matar ta yi murmushi, ta amsa mini kai tsaye da Larabci mai ɗan karyewa. "Da 'yar aikin ce fa, Hajiya, shi ke nan babu laifi?"

Sai na shiga goge romon da ke mayafina. Ni da nake da amsar kowace tambaya tun daga garinmu Maraɗi.

Abin da ya fi kashe ni shi ne ba ta yi fushi ba. Ta kai tiren inda ake tarawa, ta wanke hannu, ta dawo ta zauna dab da ni. Ta ce mahaifiyarta ta yi shekaru tana aikin gida a ƙasashen nan, da wannan aikin aka yi mata karatu, kuma Larabcin farko da ta koya a bakin uwar shi ne ɗauke, kawo, yi sauri. Ta ce ɗaukar tire ba ya rage wa kowa komai, abin da uwarta ta fi kuka da shi shi ne ta shekara a gidan aiki ba a taɓa kiranta da sunanta ba. Ta ce ita kanta a Faransa an sha miƙa mata tsintsiya a harabar kotu, don haka kada in ɗauka ni na fara. (Ta faɗa ne don ta sanyaya mini rai, amma sai na ji ta jera ni sahu ɗaya da mutanen da na wuni ina zagi.)

Kafin a watse mun ci alewa a faranti ɗaya. Washegari ta zo shagona, na zaɓa mata atamfa mai ruwan ganye na ce ta kai wa mahaifiyarta, na kuma tambayi sunan tsohuwar na rubuta a jikin ledar da hannuna.

Bayan ta tafi, sai ga dattijon da ke sauke mini dilolin kaya shekara goma sha biyu, wanda ban taɓa kiransa da komai ba sai "sadik", wato aboki da Larabci, kamar yadda kowa ke yi. Na tsayar da shi na tambayi sunansa. Bawan Allah ya tsorata, ya ɗauka wani kaya ne ya ɓace. Da ya gane babu komai, ya ce Abdul Matin, ya ciro waya ya nuna mini jikokinsa huɗu, ya jera mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Har gobe in aka taɓo wariyar Turawa ina tofa albarkacin bakina, don abin da aka yi wa Rakiya ba ƙarya ba ne. Sai dai yanzu ina rage murya. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa tudun ya yi tsawon da daga Jidda nake hango Faransa, amma ban ga matar da ke tsaye a gabana ba.