Yadda Za Ka Shawo Kan Tsohuwa Mai Gidan Haya a Hanoi

Ɗan'uwa, tunda karatu ya kawo ka Hanoi, ga hanyar samun ɗaki kusa da jami'a cikin mako guda. Ba ta taɓa ba da kunya ba, domin sau ɗaya aka gwada ta, kuma ni na gwada, shekara tara da suka wuce. Tsohuwar tawa Kaka Nhan ce. Ta ba ni kwana bakwai ta ga hankalina, in ban yi mata ba ta ba wani ɗalibi ɗakin.

1. Tsallaka titi

Gidan yana ɗaya hannun, babura kuma ba sa yankewa. Tsaya ka jira. Ni minti ashirin na yi, har wata tsohuwa da ko kafaɗata ba ta kai ba ta ratso su, ta damƙi rigata ta ja ni tana mita. Ashe ita ce mai gidan. Daga baya na ji fassarar mitar: "Ƙato har ƙato, zuciya ta ɗan tsako." Masana sun ce haɗuwar farko ita ce komai.

2. Faɗi shekarunka

Kada ka ɓata lokaci da suna, ba wanda zai iya furta shi. Ɗanta Khoa, direban tasi mai ɗan Turanci, shi ne tafintanmu.

"Shekarunka nawa?" ya ce.

"Ashirin da uku."

"To ni kawunka ne, ita kakarka. Mata fa?"

"Babu."

Ya gaya mata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kaka ta ce dama ta ga alama."

3. Ci abinci

Za a ba ka 'yar kujerar roba, gwiwoyinka su taɓo kunnuwanka, a miƙo maka shinkafa da tsinke biyu a madadin cokali. In yatsunka sun gaji, soke tsinken a tsaye cikin shinkafar ka huta. Haka na yi. Kaka ta fizge su, ta make min hannu. Kawu Khoa ya ce, "Tana tambaya, wa ya mutu?" Ashe haka ake kafa wa mamaci turare.

4. Karɓi karamci

Rana ta shida na dawo daga aji, yunwa kamar ta kashe ni. A falo ga tebur, ga hoton wani dattijo, turaren tsinke yana hayaƙi, ga ayaba nunanna cike da faranti. Na ce lallai mutanen nan sun san darajar baƙo. In ka ga irin wannan, kada ka yi fulako. Ina kan ta uku Kaka ta shigo. Ta dubi farantin, ta dubi hoton, ta dubi bakina. Ta ɗaga waya ta kira ɗanta.

"Babana ne," in ji Kawu Khoa da ya iso. "Yau shekararsa shida da rasuwa. Abincinsa ka ci."

5. Haɗa kayanka

Kada ka jira a kore ka. Na fito da jakata, na rusuna, idona ya cika, don ban san inda zan nufa ba. Kaka ta daɗe tana magana, amma hoton take kallo, ba ni ba. Kawu ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa.

"Ta ce a ƙa'ida sai turare ya cinye ake taɓawa. Tsohon ba haƙora, a hankali yake ci."

"Kawu, ba ta haƙuri."

"Tsaya, da saura. Ta ce shekara arba'in suna tare, ba abin da ya tsana kamar ayaba. Don ta ƙular da shi take ajiye masa. Ta ce a gidan nan kaf kai kaɗai ka taɓa tausaya masa."

Kaka ta share ido da bakin rigarta, ta cusa min mukulli a hannu, ta nuna min bene. Shekara huɗu na yi a ɗakin.

Gargaɗi: idan mijin taka tsohuwar mai son ayaba ne, ka tsinci jakarka a bakin titi, ni ban san ka ba, ban kuma taɓa rubuta komai ba.