Ranar da Q da Z suka maƙale a hannuna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na zama sarkin sikirabul na ƙasar Makarfi ba. Ba wanda ya naɗa ni, ni na ɗaura wa kaina rawanin. Nakan ce daga Gazara har Nasarawan Doya, in aka shimfiɗa allon nan na haɗa kalmomin Turanci, ko Baturen da ya ƙirƙiro shi sai ya gaishe ni kafin ya zauna. Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci a sakandare, kalmomin da ke kaina sun fi raken Makarfi yawa.

Gaskiyar magana, sarautar tawa ba ta wuce majalisarmu ta ƙofar shagon tela ba. Muna da dokarmu: da an kira magariba, wanda ke gaba shi ya ci, a kwashe haruffa a zuba a jaka. Wato ban taɓa ganin ƙarshen wasa na ainihi ba (kuma ban san ban gani ba, nan ciwon yake).

Sai aka gayyaci makarantarmu gasar ɗalibai a Zariya. Firinsifal ya ce malami ɗaya ne zai horar da yaran ya kai su. Kafin a zauna taron malamai na riga na shaida wa mai ɗakina da majalisa, har da mai shayi, cewa ni ne. Ana cikin taron sai Malama Rifkatu, mai koyar da lissafi, 'yar kudancin Kaduna, ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma ina ɗan taɓawa."

Na yi dariya har hulata ta karkace. Na ce, "Haba Malama, wasan kalmomi ne fa, ba na alƙaluma ba."

Firinsifal ya ce, "To ku kara ranar Alhamis bayan an tashi. Wanda ya ci, yaran nasa ne."

Ga wanda bai san wasan ba: kowa na riƙe da harafi bakwai, kowane harafi da makinsa. A jikin allon akwai jajayen gidaje, kalmar da ta hau ɗayansu ana ninka makinta sau uku. Q da Z su ne manyan attajirai, goma-goma.

Ranar Alhamis ofishin malamai ya cika, ɗalibai sun toshe tagogi. Na fara da wata doguwar kalma mai harafi shida, na miƙe na faɗi ma'anarta, har da misali a jimla. Aka tafa. Maki goma sha huɗu. Malama ta ajiye haruffa biyu kacal a gefen tawa, suka haɗa ƙananan kalmomi ta tsaye da ta kwance, ta kwashi ashirin da huɗu. Ba wanda ya tafa. Na sake shimfiɗa wata doguwar, ta tsaya dab da jan gida, kamar na share mata hanya na yayyafa ruwa. Ta ƙara S a ƙarshen kalmata, ta gangara da tata ta kan jan gidan, ta ci tawa ta ci tata.

Duk da haka Allah ya taimaki bawansa. Na samu kalmar da ta cinye haruffana bakwai gaba ɗaya, wadda ake ba wa kyautar hamsin. Na wuce gaba. A ɗiban sababbin haruffa da na yi daga jaka bayan nan, sai ga Q da Z tare.

Nan manomin da ke cikina ya farka. Ka san wanda zai ɓoye masara a rumbu, a yi ta tayawa yana cewa sai ta ƙara tsada? To haka na yi. Gurbi ya samu da zan sa Z in ci ashirin, na ce ina! Harafi irin wannan sai jan gida, a gaban jama'a. Ita kuwa duk harafin da ya hau allo sai ta ɗan soke wani abu a takardarta. Na ɗauka jarrabawar yara take dubawa don ta nuna ban dame ta ba. Ashe ƙirga abin da ya fita da abin da ya saura take yi. Ta san abin da ke hannuna fiye da ni. Ɗaya bayan ɗaya ta rufe jajayen gidajen da 'yan ƙananan kalmomi marasa kwarjini.

Jaka ta ƙare. Ta ajiye harafinta na ƙarshe. Firinsifal, wanda ke riƙe da maki, ya karanta: ni ɗari uku da goma sha biyu, ita ɗari biyu da tamanin da bakwai. Na miƙe, na gyara babbar riga, na juya ga tagogi na fara jawabi a kan haƙuri da muhimmancin karanta ƙamus. Har na yaba wa Malama da ƙoƙari.

Ta ce a hankali, "Malam, ba ka buɗe sauran naka ba."

Na buɗe da alfahari, don a ga ma ban yi amfani da manyan makamaina ba. Sai Firinsifal ya bayyana dokar da kowa a ɗakin ya sani ban da ni: abin da ya rage a hannunka ana cire maka makinsa, a ƙara wa wanda ya gama. An zare min ashirin, an ba ta ashirin. Ta wuce ni da goma sha biyar, ina tsaye, hannuna ɗaya a sama.

Na daɗe ina juya abin. Ni kalma nake nema wadda za a ce kai, ita gurbi take dubawa, da abin da za ta bar wa na gaba da ita. Ilimin da ka ƙi fitarwa sai an taru a tafa maka, ranar ƙarshe kaya ne a wuyanka. Washegari na haɗiye girman kai na je ofis, na ce ko mataimaki ne a sa ni, in riƙa koya wa yaran dabaru.

Firinsifal ya cire tabarau ya dube ni da tausayi.

"Malam, in da gaske kana son mu ciyo kofin nan, ka je ka koya wa 'yan makarantar da za mu kara da su."