Hatimin Bankin Wurno Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Halliru, akawun ƙaramin bankin Wurno, nake sanar da jama'ar Wurno, Raba da Goronyo rasuwar abokin zamana, Hatimin Banki, wanda ya cika ranar Litinin da hantsi bayan shekara shida a bakin aiki.

Marigayin ya iso garin nan da kakar 1953, cikin aljihun Baturen da ya buɗe reshen a ɗaki guda kusa da kasuwa. Bature ya yi mako uku, sauro ya kore shi. Ya bar mu mu uku: ni, da masinja Mu'azu, da marigayi.

Lokacin nan tulu da rami, inda mutane ke ɓoye kuɗinsu, sun fi mu jama'a. Wanda ya fara gwada mu Baba Attahiru ne, manomin albasa daga Dinawa. Na rubuta masa littafin ajiya, ko kallon rubutun bai yi ba. Sai da marigayi ya sauka bisa takarda, dum!, sannan ya saki bakin jakarsa. Baba Attahiru ne ya jawo mana mutanen Gandi da masuntan Goronyo. Ranar kasuwa marigayi kan yi magana sau sittin, kuma bai taɓa faɗin kwanan watan da ba shi ba.

Ciwon ya soma shekarar da gulbin Rima ya cika ya cinye fadama. Kowa ya zo ya ɗebi kuɗinsa don sayen hatsi, kaɗan sunka dawo. Anka mai da Mu'azu Sakkwato. Nakan yi kwana huɗu ba wanda ya yi sallama, sai in buga marigayi bisa tsohuwar takarda don dai in ji wata murya cikin ɗakin. Robarsa ta bushe, ta soma tsagewa.

Sai wasiƙa ta zo cewa a rufe reshe. Baba Attahiru ne na ƙarshe da ya zo rufe littafinsa. Na buga, ban ji komai ba. Mariƙin kawai ya rage a hannuna.

"Mi ya same shi, Malam?" in ji tsohon.

Na nuna masa mariƙin. Ya daɗe yana duban takardar da babu shaida a kanta, sannan ya sa littafin aljihu, ya ce bakina ya ishe shi.

Marigayin ya bar kwalbar tawada rabi, da teburin da ya lotsa a gefen dama, da ni, da anka ce in jira umarni.

Ranar Alhamis motar wasiƙu za ta ɗauke shi cikin ambulan zuwa Sakkwato, inda za a ƙone shi gaban shaidu biyu, bisa dokar banki. Na nemi rakiya, anka ce babu wuri. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar banki har in miƙa makulli. Wanda ya makara, ya tambayi gidan Lauwali tela, ɗaki na ƙarshe. Kowane lokaci ya zo, zai iske ni.