Ƙanƙarar da ta sauka a Gobir

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kawo ƙanƙara ƙasar Gobir ba.

Shekarata ta farko ke nan ina koyar da labarin ƙasa a jami'a. Zango guda na yi ina bayanin yadda ƙanƙara ke gangarowa daga duwatsun Turai, tana rarake kwari, tana tara ƙasa a gefe. (Ni da ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin zoɓo ba.) Sai muka fita da ɗalibai karatun taswira wajen Sabon Birni. Shugaban sashenmu, Bagobiri mai tsage, ya biyo mu, domin rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki.

A hanyar Tsamaye na ga layukan taswira masu nuna tudu da gangare sun matsu. Muka tsaya. Ga dogon kwari, ga tudu yana bin sa.

Na ce, "Irin aikin ƙanƙara ke nan."

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, har nan ta zo?"

Da na ce misali nake bayarwa, da an wuce wurin. Amma ga shugaba yana rubutu. Na gyara tabarau na ce, "Ƙwarai, a zamanin da can." Har na nuna musu inda ta juya.

Wani dattijo mai kiwon awaki yana jin mu. Ya matso ya yi sallama.

"Malam, wa kac ce ya yi wanga rami?"

"Ƙanƙara, Baba."

"To, Allah shi saka mata. Mu dai ganuwa munka sani, da gwalalonta, ramin tsaron gari. Kakanninmu sunka haƙa shi da hannu, da mayaƙan jihadi sunka matso. Ƙanƙarar taka ita ma Bagobira ta?"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Shugaba bai yi ba. Ya rufe littafinsa ya ce, "Kakan kakana a nan ya faɗi. Ba mu ji sanyi ya kashe shi ba."

Aka ɗage tabbatar da ni shekara guda, don in ƙara nazari.

Na ƙara kuwa. Yanzu duk inda muka je, sai na gaida mai awaki kafin in buɗe taswira.