Farfesa Danna-Gaba da Saniyar Bakoji

Tun da aka kafa Birnin Gwari ba a taɓa yin mai ilimi irin Sadisu Maiturare ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka. Takardun shaida arba'in da bakwai ne jere a bangon shagonsa, daga manyan makarantun duniya masu koyarwa kyauta ta intanet, duk cikin wata goma sha ɗaya. Har da ta tuƙin jirgin ruwa, ko da wata rana teku za ta iso Birnin Gwari.

Tsarin karatunsa ba wahala. Yakan hau tudun bayan tasha, inda sabis ke kamawa, ya buɗe darasi. Bidiyo na cin data, saboda haka sai ya danna gaba. Jarabawa kuwa zaɓi huɗu ce, kuma in ka faɗi a ba ka damar sakewa. Sadisu bai taɓa wuce gwaji huɗu ba. 'Yan acaɓa suka raɗa masa Farfesa Danna-Gaba. Ya karɓi rabin farko na sunan.

Ranar da takardar kiwon lafiyar dabbobi ta fito, ya tura kwalaben turare gefe, ya sa aka rubuta Likita a allon shago.

Wata Laraba Bakoji, makiyayi daga wajen Randagi, ya zo ya ɗauke shi a babur. Shanunsa goma sha biyu ne a da, ɓarayin daji suka bar masa ɗaya. Ita ce ta ci tohon dawa, cikinta ya kumbura kamar ganga.

Suka tarar da Inna Mairama, mahaifiyar Bakoji, riƙe da kwalbar man gyaɗa.

"A ɗura mata wannan, a zaga da ita," in ji ta.

"Inna, a wace jami'a kika ji haka?" in ji Farfesa. "Ni da na zauna aji ɗaya da ɗalibai dubu tamanin, ba na aiki da ka. Ilimi mataki-mataki ne."

Mataki na farko, ya lulluɓe saniya da bargo, don ya taɓa ganin haka a hoton darasi. Na biyu, ya yi mata allurar ƙarin jini.

"Likita, numfashinta fa sama-sama yake," in ji Bakoji.

"Kwantar da hankalinka, saura biyu. Ban taɓa wuce huɗu ba."

Ana cikin na uku Inna Mairama ta ajiye kwalbar, ta ce a kawo wuƙa.

Washegari Farfesa ya hau tudu don ya gano inda saniyar ta yi kuskure. Karo na farko a rayuwarsa ya kalli bidiyo har ƙarshe. Malamar darasin ta ce duk wanda ya ga irin wannan kumburi kada ya ɓata lokaci, maza ya nemo likitan dabbobi mafi kusa.

Abin da Bakoji ya yi ke nan ranar Laraba.