Motar da Take Mutuwa a Kowace Danja

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ƙera Motoci Masu Tausayin Mai, Allah Ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni direba ne. Shekara ashirin da bakwai ina tuƙa uwar ɗakina, mota ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba, har abokan aiki suna kirana Ƙafar Zinariya. Sai ga ɗanta ya sayo mata sabuwar motarku, mai ɗan batir da ke taya inji aiki, wadda ke kashe kanta duk inda aka tsaya, wai don tsimin mai da rage hayaƙi. Madalla da wannan basira. Ga abin da ta jawo mini.

Na ɗaya. A danjar farko ta yi tsit. Uwar ɗakina ta leƙo ta dubi ƙafata, ta koma ta jingina. Ranka ya daɗe, da ma zagina ta yi.

Na biyu. Ko da kuke ƙera ta, kun manta akwai mutanen kirki a titi? Da zarar ta yi shiru sai masu sayar da jarida su zubar da kayansu su hau turi. Ranar Talata na tsaya ƙofar asibiti don uwar ɗakina ta sauka, bayin Allah suka tura mu har gidan mai. Godiya ma na yi musu, ya zan yi?

Na uku. Na san akwai maɓallin hana ta wannan ɗabi'a. Ɗan uwar ɗakina ya liƙe shi da salatif, ya ce iskar duniya muke ceto. Ni da ake shirin korata, wa zai cece ni?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Uwar ɗakina ta ce tsufa ya kama ƙafata, idan motar ta sake mutuwa sau ɗaya in ajiye makulli. Saboda haka na daina tsayawa. Ina kauce wa duk titin da ke da danja. Tafiyar minti goma ta koma awa ɗaya da rabi, man da muke ƙonawa ya ninka uku. Mai gadi yana wangale ƙofa tun daga nesa, baiwar Allah kuma, da shekarunta saba'in, ta koyi sauka mota tana gangarawa.

Roƙona ƙarami ne. A rubuto takarda mai hatimi cewa halin motar ne, ƙafata lafiyarta ƙalau. Wallahi ina son aikina, ban iya wani ba.

Ina rubuta wannan ne a kan sitiyari, muna zagaya shataletale karo na goma sha ɗaya, muna jiran cunkoso ya ragu. Idan amsarku ta fito, a taimaka a jefo ta ta taga.

Naka mai biyayya, wanda ba ya iya tsayawa ya durƙusa maka,

Ƙafar Zinariya